Wasiƙar da Na Aika wa Jaridu Biyu

Ku da aka haifa a Rusairis kun sha tambayata abin da ya fitar da mu daga Jazira, ni kuwa na sha ce muku neman abinci ne. Ban yi muku ƙarya ba, amma ban faɗa muku duka ba. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, waɗanda suka san zancen kuma sun kusa ƙarewa, gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin wanda shi ma ji ya yi.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki aka ce za a koma zaɓe, ina ɗinki a kasuwar Kamlin, ina kwana a hillarmu, ƙauyen Hausawa da ke can ƙarshen tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, inda ruwan noma ba ya isowa sai kowa ya sha ya ƙoshi. Mahaifina, kakanku Malam Ɗahiru, shi ne limami. A goye aka shigo da shi ƙasar nan cikin ayarin da ya baro Sakkwato bayan Nasara sun ci ta, bai san wata ƙasa ba sai wannan. A lokacin da nake ba ku labari yanar ido ta riga ta kama shi, ba ya ganin baƙi a takarda, sai dai kunnensa ya fi na kowa. Ni ne na yi 'yan shekaru a makarantar hukuma, don haka ni nake karanta jarida da Larabci in juya wa dattawa da Hausa a rumfar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Zamanin soja babu abin karantawa sai yabon hukuma. Da suka sauka, jaridu suka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan farko. Guda biyu nake sayowa. Ɗaya ta manyan gidajen ɗariƙa ce, ɗaya ta afandiyya, wato masu ilmin zamani na Hartum, lauyoyi da likitoci da malaman makaranta. Baba bai taɓa kiran su da sunayensu ba. Ta farko Mai-rawani yake ce mata, ta biyu Mai-kwat, har duk hilla ta ɗauka.

Abu ɗaya zai faru a Hartum, in ka karanta su biyun sai ka rantse ƙasa biyu ce. Mai-rawani takan buɗe da aya, ta ce ƙasa gida ce, gida kuwa ba ya zama sai da uba, talaka ya bi na gaba ya samu albarka. Mai-kwat takan buɗe da kalmar ci gaba, ta ce an daɗe ana jan mutane da carbi, lokaci ya yi da masu ilmi za su riƙe linzami. Da aka ce mata ma za su jefa ƙuri'a, Mai-kwat ta buga hoton wata likita da farin tobe, lulluɓin matan ƙasar, Mai-rawani ta ce madalla, kowace mace ta nemi shawarar waliyyinta. Na ba mahaifiyarku Hajara labari tana toya kisra, wainar dawar nan, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Su duka biyun akwai wadda ta zo ta tambayi mai tsinkar auduga?” in ji ta.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana wajen Mai-kwat. Ita ce take maganar haƙƙin manomi, ina kuma da ƙuruciya, ina son in ji ana ce wa manya a'a. Baba ya san haka, bai taɓa hana ni karanta ta ba. Yakan ce kunne biyu Allah Ya ba mutum.

Sai ku fahimci abu guda kafin in ci gaba. Dokar zama ɗan ƙasa ta lokacin tana neman wanda kakanninsa suke nan tun kafin zuwan Turawa, mu kuwa bayan su muka zo. Takardar jinsiyya, wadda in ba ka da ita ba ka da ƙuri'a kuma hawasharka, gonar da hukumar noma ta ba ka, tana iya suɓucewa, ba ta samuwa gare mu sai wani babba ya tsaya maka. Wanda yake tsaya wa hillarmu shi ne Halifa, wakilin wani babban gidan ɗariƙa a yankin, mutum mai fara'a da yawan kyauta. Da bakinsa Baba ya samu tasa, ni ma haka. Gidaje da yawa kuwa nasu takardun suna kan hanya, ciki har da Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara ashirin yana noman hawasha ɗaya.

Ana saura wata biyu zaɓe Halifa ya kawo mana ziyara da motoci biyu. Aka yanka rago, aka sha gahawa, ya yi jawabi, sannan ya dubi Baba ya ce, “Ya Faki,” wato Malam, “sa mana albarka.” Baba ya ɗaga hannu ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya, ya roƙi Allah Ya ba mu shugaba mai tausayi ko daga ina ya fito. Ina tsaye a bayansa, ban ji ya ambaci ƙuri'a ba. Kwana biyar bayan haka Mai-rawani ta fito da labarin cewa 'yan'uwa masu hijira na hilla kaza, a bayan limaminsu, sun yi mubaya'a, sun ba da ƙuri'unsu maza da mata baki ɗaya. Na karanta a rumfa, wasu suka yi murna an ambaci sunan hilla a jarida. Baba ya ce a wuce gaba.

Amsar Mai-kwat ta zo a mako na gaba. Tun a kasuwa na karanta ta, na kasa zura zare a allura. Da la'asar rumfa ta cika. Na karanta labarin farashin auduga, na karanta na majalisa, da na iso wurin sai na juya shafi.

“Haruna,” in ji Baba, “ka ƙetare wani abu.”

“Talla ce, Baba.”

“Talla ba ta sa mutum haɗiye miyau. Koma baya ka karanto muna.”

Na koma. Marubucin ya ce ga irin dimokuraɗiyyar masu rawani: Fallata (haka suke kiran mu) baƙi, waɗanda ba su iya ko gaisuwa da Larabci ba, ana kora su akwatin zaɓe kamar yadda ake kora shanu mashaya. Ya ce a binciki jinsiyyar kowa a irin waɗannan ƙauyuka, wanda ba shi da ita a goge sunansa, hawashar da ke hannunsa a ba ɗan ƙasa. Ya ambaci hillarmu da suna. Ina juyawa da Hausa kaina a sunkuye, don wannan ita ce jaridar da nake kare wa a gaban dattawan nan wata da watanni. Da na kai kalmar shanu, wani tsoho ya ce in maimaita, na maimaita. Can aka ji kukan jaki daga bakin tur'a. Kawu Sani ne ya fara motsi.

“To Malam, mi za mu yi?”

“Ba mu yin komi,” in ji Baba. “Wanda ke cikin ruwa ba shi zagin kada. Waccan ta yi muna ƙarya, wagga ta zage mu. In munka ƙaryata ta farko mun rasa mai tsaya muna, in munka amsa ta biyu mun tuna mata da mu. A bar su su gaji.”

Ni ban iya bari ba. Kwana uku ina ɗinki ina tsara magana a kaina. A rana ta huɗu na rufe shago da hantsi, na zauna na rubuta wasiƙa da Larabcin da na fi iyawa. Na ce mu ba baƙi ba ne, iyayenmu ne suka haƙa tur'ar da ake shayar da audugar ƙasar nan, mahaifina ya binne 'ya'ya uku a wannan ƙasa. Na ce mu ba shanu ba ne, kuma wanda ya kira mu haka bai taɓa taka hillarmu ba. Na ce mahaifina tsoho ne da ba ya gani, addu'a aka roƙe shi, addu'a ya yi, bai ba da ƙuri'ar kowa ba don ba tasa ba ce. Na ce mu Musulmi ne masu girmama malamai, amma kowa zai jefa inda ya ga dama. Na rufe da cewa in akwai mai son ƙuri'armu, ya zo ya ga yadda ruwa ba ya kaiwa ƙarshen tur'a. Na kwafe ta sau biyu, na sa sunana da na Baba a ƙasa, don a san ɗan wa ke magana.

Na nuna wa Hajara da na koma gida. Ba ta karatu, sai na juya mata da Hausa. Ta saurara har ƙarshe.

“Maganar ta yi kyau,” ta ce. “Baba ya ji ta?”

“In ya ji zai hana.”

“To ashe ka san amsarsa. Malam, sunansa fa ka sa. Kuma ba kai ne takardarka take kan hanya ba.”

Na ce mata mata ba su san siyasa ba. Wannan kalma na faɗa, ban manta ba. Ta karɓi takardar farko mai goge-goge daga hannuna ta sa a ƙarƙashin tabarma. Da safe na kai kwafi biyun gidan waya na Kamlin.

Kwana goma sha wani abu ina jira. Mai-kwat ce ta fara bugawa, a shafin farko, da manyan baƙaƙe: ɗan limami ya tona asirin masu rawani, ya ce sun yaudari ubansa makaho. Na karanta a tsaye a gaban mai sayarwa, na sake karantawa. Duk inda na ce mu ba baƙi ba ne sun cire. Inda na ce mu ba shanu ba ne sun cire. Maganar tur'a da ruwa babu ita. Abin da suka bari shi ne Baba ba ya gani kuma bai ba da ƙuri'a ba, suka ƙara daga bakinsu cewa wannan shaida ce daga cikin gida, ta tabbatar da buƙatar bincike. Bayan kwana biyu Mai-rawani ta biyo. Ba ta buga wasiƙar ba. Ta ce wani matashi da marasa addini suka hure wa kunne ya tozarta mahaifinsa malami a bainar jama'a, ta kawo ayar biyayya ga iyaye, ta yi addu'ar Allah Ya shiryi 'ya'yan Musulmi. A ranar na gane cewa ba mu ne ake magana a kai ba tun farko. Su biyu suke faɗansu, mu sanda ce da kowa ya ɗauka ya doki ɗan'uwansa.

Labari ya riga ni isa gida, don direban lorin da ke kai mutanenmu kasuwa ya iya karatu. Da na shigo hilla mutane suna kau da kai. Rumfa babu kowa. Baba yana ciki, bai kira ni ba, ni kuma ban iya shiga ba. Mahaifiyata ta tare ni a tsakar gida, ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta yi ba tun ina ƙarami.

“Makaho ka ce mishi a gaban duniya?”

“Inna, ba haka na rubuta ba.”

“Ni ban san abin da ka rubuta ba. Na san abin da anka karanta.”

Kwamitin bincike ya zo ana saura mako uku zaɓe: wani jami'i, da magatakarda, da ɗan sanda ɗaya. Suka kafa tebur a gindin dalbejiyar masallaci da safe, ana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya. A da, in irin wannan ta taso, Halifa yakan zo ya zauna kusa da jami'i, ya ce wannan na san ubansa, wannan takardarsa tana hannuna. An aika masa tun ana gobe za su zo. Ya aiko da cewa yana fama da mura. Na tsaya daga nesa ina kallon Kawu Sani a gaban tebur, hularsa a hannu, yana bayani da Larabcinsa na gona cewa takardarsa tana wajen Halifa. Jami'in ya tambaye shi inda aka haifi kakansa. Ya ce Sakkwato. Magatakarda ya ja layi. Gida bakwai aka goge daga rajista a ranar. Daga cikinsu uku aka karɓe wa hawasha bayan an cire auduga, ta Kawu ce ta farko.

Na sha gaya wa kaina cewa kwamitin zai zo ko da ban rubuta komai ba, tun da Mai-kwat ta riga ta nuna mu da yatsa. Mai yiwuwa haka ne. Amma da Halifa ya zauna a wannan kujera, wannan kam ba na shakka.

Manzon Halifa ya zo wajen Baba ranar Alhamis. Saƙon gajere ne: a Juma'a limami ya faɗa wa jama'a cewa ya yi mubaya'ar, ɗansa ne ya yi ƙarya, in ya so a duba yadda za a gyara maganar gidajen nan bakwai. Dattawa suka cika zaure suna roƙon Baba ya amince. Kalma ɗaya ce, in ji su, Allah Ya san dalili. Ina jin su daga bayan katanga. Da na ji muryar Kawu yana cewa yana da baki goma sha ɗaya a gida, na so in shiga in ce ni zan tashi in ƙaryata kaina. Na tashi ma. Hajara ce ta riga ni. Ta fito da takardar nan daga ƙarƙashin tabarma, ta yafa mayafi, ta durƙusa a ƙofar zaure, abin da suruka ba ta yi in maza sun taru, ta ce, “Baba, ga abin da ya rubuta da hannunsa. A karanta muku kafin ku yanke.”

Baba ya karɓa ya sa a aljihu.

Bayan an sallame Juma'a ya ce kowa ya zauna. Manzon Halifa yana sahun gaba. Baba ya kira ni, ya miƙo takardar, ya ce in karanta da Larabci sannan in juya da Hausa, kada in ƙetare ko harafi. Na karanta gumi yana sauka a kan takardar. Da na gama ya tambayi direban lori, wanda ya sa ya tsaya kusa da ni yana duba rubutun, ko abin da na karanta shi ne a rubuce. Ya ce shi ne. Sai Baba ya miƙe, ya dafa sandarsa.

“Jama'a kun ji. Babu ƙarya cikin takardar ga ko ɗaya. Ban yi mubaya'a ba, kuma ba ni tsayawa inda nike tsayawa in ce na yi. Wanda ya ga ban cancanci limanci ba, ga mihirabi nan.” Ya ɗan tsaya, ya juyo inda yake jin numfashina. “Amma kai Haruna, na ce a yi shiru, ka ji da kunnenka. Ka ɗauki sunana ba ka tambaye ni ba, ka ɗauki gonar kawunka ka kai inda ba ka iya ɗauko ta. Gaskiya ka faɗi, amma ba da abinka ka biya ba. Ba ka zama garin ga kana wuce ƙofar Sani safe da yamma. Ka nemi wuri.”

Manzon ya tashi ya fita kafin a yi addu'a. Gyaran da aka yi alkawari ya tafi tare da shi. Ku lura da wannan, don masu ba da labarin sukan manta: Baba ma ya zaɓa a ranar, ya san abin da zaɓinsa zai jawo wa gida bakwai, kuma bai sake samun barci mai daɗi ba har ya koma ga Allah, haka Inna ta gaya mini.

Ban jira zaɓe ba. A lokacin ana ginin madatsar ruwa a Rusairis, an ce leburori suna neman mai ɗinki. Na ɗaure keke a kan lori, Hajara tana da cikin yayanku Bello. Baba ya yarda na durƙusa na yi masa sallama, ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo, amma bai ce in dawo ba. Sau biyu na ƙara ganinsa. Na ji an yi zaɓen, mutumin Halifa ya ci, da ƙuri'unmu ko babu su. Jaridun biyu ba su sake ambaton hillarmu ba, sun samu wani abin faɗa.

Bayan shekara huɗu, wata rana da hantsi, ina shagona a kasuwar Rusairis, na ɗaga kai na ga Kawu Sani a cikin ayarin masu yankan riɗi da lori ya sauke. Mutumin da yake ɗaukar 'yan ƙodago a gonarsa, yanzu shi ne da lauje a kafaɗa. Ya rame, rigarsa ta yage daga wuya har ƙirji. Na fita da gudu na durƙusa a gabansa cikin ƙura. Na kawo shi shago, na aika aka kawo shayi da abinci, ya ci. Ya tambayi Hajara da yara. Na ɗauko sabuwar jallabiya da na ɗinka wa wani ɗan kasuwa na ce ya sa. Ya shafa ta, ya yaba ɗinkin, ya mayar mini. Sai ya tuɓe tasa ya miƙo.

“Wagga za ka ɗinke min.”

Na zauna ina ɗinkewa, shi yana zaune a kan benci ba riga, ƙasusuwan haƙarƙarinsa a waje. Ban iya kallonsa ba. Ina kan keken na ce, “Kawu, ka yafe mini.”

Ya gyara zama a kan benci.

“Ranar da ka karanta takardar nan a masallaci,” ya ce, “inda ka ce mu ba shanu ba ne, na ji daɗi har cikin raina. Ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Na yafe maka tun tuni, ɗan yayata.” Ya karɓi rigar, ya duba ɗinkin ta ciki, ya sa. “Amma kar ka ce in manta. Dawa ce ta tsira a gonar nan bana, na wuce na gani. Ta yi kyau.”

Direba ya yi oda. Ya ɗauki laujensa ya tafi, ni kuma na tsaya a ƙofar shago har lorin ya sha kwana.